Idan ƙasan teku na buɗewa kullum, me ke buɗe shi, ina kuma tsohon yake tafiya?

Ɗalibin Jogarafi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare na ci karo da wata taswira da ta hana ni barci. Taswirar shekarun ƙasan teku ce, an shafa mata launuka. A tsakiyar Tekun Atlantika akwai jan zare da ya taso daga can arewa ya gangaro har kudu, yana lanƙwasa daidai yadda gaɓar Afirka da ta Kudancin Amurka suka lanƙwasa. Ja shi ne sabon dutse. Daga shi sai ruwan ɗorawa, sai kore, sai shuɗi a bakin nahiyoyi, wato mafi tsufa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne launukan hagu da na dama iri ɗaya ne sak, kamar an ninke takarda da jiƙaƙƙen fenti an buɗe. Tambayata biyu ce. Me ke buɗa wurin? Sannan idan kullum ana ƙara sabon ƙasa, ina tsohon yake zuwa, ko duniyar ce ke ƙara girma?

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam ƙanena. Jan zaren nan da ka gani jerin duwatsu ne a ƙarƙashin ruwa, kuma bai tsaya a Atlantika ba. Ya zagaya ta kudancin Afirka ya shiga Tekun Indiya, ya bi ta kudancin Ostareliya ya faɗa Fasifik. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 65,000, babu wani jerin duwatsu a tudu da ya kama ƙafarsa. Yadda nake koya wa ɗalibaina shi ne narkakken dutse na tasowa daga ciki da ƙarfi, ya kutsa tsakanin faya-fayan ƙasa biyu, wato manyan yankunan da ɓawon duniya ya kasu zuwa gare su, kamar yadda mai faskare ke dasa ƙarfe a tsagar itace ya buga, sai ya ture su hagu da dama. Duniya kuwa ba ta ƙara girma. Abin da aka ƙara a nan, ana rage shi a wani wuri: tsohon ƙasan teku yana lanƙwasawa ya nutse cikin duniya a manyan kwazazzabai, irin na Mariana a yammacin Fasifik mai zurfin kusan kilomita 11.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:
Ni dai 'ya'yana ina da ja. Ba musu nake yi don son musu ba. Na ƙare ƙuruciyata a aikin awon fili, na san yadda santimita biyu ke ɓace wa mutum a fili fetal da rana tsaka, ga turke ga igiyar awo a hannu. To wurin da kuke magana a kai yana ƙarƙashin ruwa mai zurfin kilomita biyu da rabi, duhu ƙirin. Motsin kuma an ce 'yan santimitoci ne a shekara guda. Wa ya sauka ya kafa turke ya auna? Launi a taswira ai mutum ne ya shafa shi.

Malamin Ilimin Duwatsu:
Baba, tambayarka ce ta tsare masana har kusan shekara hamsin, don haka ba a bayan kowa kake ba. Alfred Wegener, Bajamushe, ya faɗa tun 1912 cewa nahiyoyi a haɗe suke da can, suka rabu. Ya kawo kamannin gaɓoɓi da na duwatsu da burbushin halittu iri ɗaya a tsallaken teku. Aka tambaye shi abin da ke jan nahiya sukutum ta keta ƙasan teku, bai da amsa mai gamsarwa. Ya rasu a kan ƙanƙarar Girinland a 1930, yawancin masana ba su karɓi maganarsa ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa. Jirgi ya aika ƙara ƙasa, idan ta dawo bayan daƙiƙa huɗu, ka san zurfin mita 3,000 ne. Irin waɗannan alƙaluma ne aka riƙa tara wa Marie Tharp a cibiyar Lamont ta Jami'ar Columbia a Amurka. A lokacin ba a barin mata su bi jiragen bincike, sai dai maza su dawo da takardu ita ta zana. A 1952 tana jera zanen yankan Atlantika guda shida daga yamma zuwa gabas, sai ta ga kowanne yana da wani kwari a daidai ƙololuwar tudun, wato jerin duwatsun nan na tsakiyar teku. Ta ce wannan tsaga ce, wurin yana yagewa. Abokin aikinta Bruce Heezen ya yi watsi da maganar da farko, ya ce zancen 'yan mata ne. Da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan tata, sai ɗigo-ɗigon suka jeru cikin kwarin nan kamar an sa su da hannu.

Daga nan Harry Hess na Jami'ar Princeton, wanda ya ja ragamar jirgin ruwan soja a Yaƙin Duniya na Biyu yana barin na'urar auna zurfi a kunne, ya fito da bayaninsa a 1962: ana haihuwar ƙasan teku a tudun tsakiya, yana tafiya gefe, ya nutse a kwazazzabai. Robert Dietz ya zo da kusan irin wannan a 1961, shi ne ma ya raɗa wa abin suna.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:
Na ji, Malam, kuma matar nan ta burge ni, don mai zane da ya yarda da alƙalumansa fiye da bakin na gaba da shi ba a samunsa ko'ina. Amma kwari a kan tudu bai nuna tafiya ba. Girgiza ta nuna wani abu na karyewa, ba ta nuna cewa dutsen da ke kilomita dubu daga can a nan tsakiya aka haife shi ba.

Malamin Ilimin Duwatsu:
Gaskiyarka Baba. Shi kansa Hess ya san hujjarsa ba ta cika ba a lokacin. Ga abin da ya cika ta.

Dutsen da ke fitowa a tsakiyar teku baƙi ne, ana kiransa basal, kuma akwai ƙananan ƙwayoyin ma'adinin ƙarfe a cikinsa. Yana fitowa da zafin kusan digiri 1,200. Idan ya huce ya sauko ƙasa da wajen digiri 580, ƙwayoyin nan sai su ɗauki alƙiblar maganaɗisun duniya na wannan lokacin, su kafe a haka. Kamar ka zuba dubban tsinkayen kamfas a cikin siminti ne ya bushe. To shi maganaɗisun duniya ba ya zama wuri ɗaya har abada, yakan juye, arewarsa ta koma kudu. Juyewar ƙarshe ta auku kimanin shekara 780,000 da suka wuce. An san wannan ne daga duwatsun aman wuta na tudu, waɗanda ake iya ɗauka da hannu a auna shekarunsu.

A shekarun 1950 jiragen ruwa suka fara jan na'urar auna maganaɗisu a bayansu. A yammacin gaɓar Amurka ta Arewa aka samu ƙasan teku da ratsi-ratsi kamar jikin jakin dawa, wannan ratsi maganaɗisu ya ɗan fi ƙarfi, na kusa da shi ya ɗan yi rauni. Ba wanda ya san ma'anarsu. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews na Jami'ar Kambirij suka ce idan Hess na da gaskiya, to kowane ratsi dutse ne da ya huce a zamani ɗaya, kuma dole ratsin hagu da na dama su zama tagwaye. Lawrence Morley na Kanada ya hango haka shi ma a wannan shekarar, mujallu suka ƙi buga masa.

Ka lura Baba, wannan magana ce da za a iya ƙaryatawa. Da an je an tarar hagu daban dama daban, da an binne ta. A 1966 aka fito da awon da jirgin Eltanin ya yi a kudancin Fasifik. Aka kife zanen a kan kansa, lanƙwasa ta hau kan lanƙwasa na ɗaruruwan kilomitoci, kuma faɗin ratsin ya yi daidai da tsawon zamunan da aka riga aka auna a tudu. Sannan a ƙarshen 1968 jirgin haƙa Glomar Challenger ya jera ramuka a kudancin Atlantika, ya ciro lakar da ke kwance kai tsaye a kan dutsen. Burbushin ƙananan halittun da ke cikinta ya nuna duk nisan rami daga tudun tsakiyar teku, haka tsufan lakar. Hanya biyu da ba su haɗa komai ba, maganaɗisu da burbushin halittu, suka ba da amsa ɗaya: kimanin santimita biyu a shekara ta kowane gefe.

Ɗalibin Jogarafi:
Bari in gwada lissafi, a gyara min in na kauce. Idan teku na buɗewa da santimita biyu da rabi a shekara, a shekara miliyan ɗaya ya zama kilomita 25. A shekara miliyan 180 kuwa kilomita 4,500 ke nan. Ai wannan ya kusa faɗin Atlantika tsakanin Arewa maso Yammacin Afirka da Amurka! Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi da na ga alƙaluman sun haɗu.

Malama Mai Alli:
Lissafinka bai kauce ba. Ni a aji teburi biyu nake haɗawa in bar 'yar kafa a tsakani. In ninke doguwar farar takarda in cusa ta ta ƙasa, bakunanta biyu su leƙo ta kafar. Yara biyu su riƙa fito da ita a hankali, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, na uku yana tsaye da alƙalami yana shafa abin da ya fito. Idan na tafa, ya sauya launi. Da an gama a shimfiɗa takardar, sai ka ji ajin ya yi tsit, don sun ga ratsin da idonsu ba wanda ya tsara shi.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:
To wannan ta shige ni. Hanya biyu mabambanta su kai ka turke ɗaya, mu ma da haka muke rufe awo. Saura abu guda: duk wannan tarihi ne aka karanta a jikin dutse. Yau ɗin nan, akwai wanda ya auna motsin yana faruwa?

Malamin Ilimin Duwatsu:
Akwai, Baba, kuma da irin kayan aikinku. A Aisland tudun ya fito saman ruwa, mutum na iya tafiya da ƙafa a cikin tsagar, kamar a Thingvellir. An kafa turakun GPS a gabashi da yammacin tsibirin, ana karanta su shekara da shekaru, suna nisantar juna da kusan santimita biyu a shekara. Tun a shekarun 1980 ma aka fara auna nisan Turai da Amurka ta Arewa da na'urorin sauraren taurari, aka ga yana ƙaruwa. Abin mamaki, saurin da aka auna a 'yan shekarun nan ya zo kusa ƙwarai da wanda ratsin maganaɗisu ya nuna na miliyoyin shekaru.

Yanzu Malama, ki yi min afuwa, ina so in koma kan misalin mai faskare, don a nan ne amsar tambayar farko ta ɗan'uwanmu take. Narkakken dutse ba shi ke tura faya-fayan ba. Su ne ke janyewa, shi kuma ya biyo baya ya cike gurbin.

Dubi shaidar da ke wurin. Da ƙarfi ne ke bankaɗowa daga ƙasa yana ture gefe biyu, da mun tarar da duwatsun da aka matse suka tattare. Abin da ake tararwa kuwa kwari ne da ya rufta, da tsage-tsage a buɗe, da girgizar ƙasa irin ta abin da ake ja yana tsinkewa. Sannan ƙarƙashin ɓawon duniya ba tafkin narkakken dutse ba ne, kamar yadda hotuna da yawa ke nunawa da jan launi. Sashen nan da ake kira mantil dutse ne daskararre. Yana dai malala ne a hankali saboda zafi da tsawon zamani. A Jami'ar Queensland ta Ostareliya akwai wani gwaji da aka fara tun 1927: an zuba baƙar kwalta mai tauri a mazurari, irin wadda in ka buga mata guduma sai ta farfashe, amma tana ɗiga. Zuwa yau ɗigo tara kacal ta yi. Haka mantil yake, sai dai ya fi ta jinkiri nesa ba kusa ba.

To daga ina narkakken dutsen yake fitowa? Dutse mai zafi da ke can ƙasa bai narke ba ne saboda nauyin da ke danne shi. Idan faya-fayai suka janye, na ƙasa sai ya taso ya maye gurbi. Ba a ƙara masa zafi ba ko kaɗan, nauyi kawai aka sauke masa. Da ya iso wajen zurfin kilomita 60 sai ya fara tsattsafo da ruwan dutse, ba duka yake narkewa ba, kashi goma zuwa ashirin ne cikin ɗari. Wannan ɗan ruwan shi ke taruwa ya hau ya zama ɓawon teku mai kaurin kilomita shida zuwa bakwai. Shi ya sa kaurin ɓawon kusan ɗaya ne a yawancin tekuna: gwargwadon buɗewa, gwargwadon abin da ya taso.

Mai ja kuwa yana can ɗaya bakin. Faifan da ya tsufa ya huce, ya yi nauyi fiye da mantil ɗin da ke ƙarƙashinsa. Da bakinsa ya lanƙwasa ya fara nutsewa a kwazazzabo, sai ya riƙa jan sauran, kamar bargo mai nauyi da gefensa ya zubo daga kan gado ya janyo na sama ya bi shi. A 1975 Donald Forsyth da Seiya Uyeda suka kwatanta faya-fayan duniya, suka ga waɗanda ke da dogon baki mai nutsewa, irin na Fasifik da Nazca da Cocos, su ne masu gudu. Shi ya sa tudun gabashin Fasifik ke buɗewa har kusan santimita 15 a shekara a wasu wurare, na Atlantika bai wuce biyu zuwa biyar ba.

Mai Haƙar Rijiyar Burtsatse:
Malam, ban katse ka ba, amma akwai rami a maganar nan. Ka ce mai ja yana bakin da ke nutsewa. To Atlantika fa? Na duba taswira yanzu. Gaɓar yammacin Afirka ba kwazazzabo, gaɓar Brazil ba kwazazzabo. In ban da ɗan na Karibiyan da wani ƙarami can kudu, babu inda ƙasan Atlantika ke nutsewa. Amma ga shi yana buɗewa. Wa ke jan bargon a nan? Ni a ganina Malama ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, akwai turi.

Malamin Ilimin Duwatsu:
Ka kama ni a wuri mai kyau, ɗan'uwa. Akwai turi, har masana na kiransa turin tudu, sai dai ba narkakken dutse ke yin sa ba. Ka tambayi kanka me ya sa tudun ya zama tudu tun farko. Ba tarin aman wuta ba ne aka jibge. Sabon faifai yana da zafi, abu mai zafi kuma a kumbure yake, shi ya sa ƙololuwar ke wajen zurfin mita 2,500. Yayin da yake nisa yana hucewa, yana tsukewa, yana ƙara kauri ta ƙasa, sai ya riƙa zama, har ya kai mita 5,000 zuwa 6,000. Wannan sauka tana bin ƙa'ida sosai, har in ka ba masani shekarun wuri zai faɗa maka zurfinsa kusan daidai. Ka ga ke nan an samu gangare mai faɗin dubban kilomitoci, faifan kuma nauyinsa na zamar da shi daga sama zuwa ƙasa. Wannan zamiya ita ce turin, kuma a baje take a duk faɗin gangaren, ba a bakin tsagar ba. Da ita, da jan da malalar mantil ke yi wa faifai ta ƙasa, Atlantika ke buɗewa. Ƙarfinsu bai kai na bakin da ke nutsewa ba, jinkirin Atlantika kuma shaida ne.

Mai Haƙar Rijiyar Burtsatse:
Wato ko ja ko turi, duk nauyi ne ke aiki. Na yarda da rabin farko. Amma rabon da kowanne ke ɗauka a Atlantika, ina ganin ba a gama wannan shari'ar ba.

Malamin Ilimin Duwatsu:
Ba a gama ba, masana na kan fafatawa a kai har gobe. Abin da aka gama shi ne na ƙarfen mai faskare.

Malama Mai Alli:
Malam, ba wata afuwa, ni ce da godiya. Amma gaskiya abin ya taɓa ni. Shekara tara ina zana jajayen kibiyoyi a allo suna bankaɗo ƙasa, haka na gani a littafin da aka ba mu, haka ni ma aka koya min. Akwai wata yarinya da ta taɓa tambayata, idan ruwa ne a ƙasa me ya sa nahiyoyi ba sa nutsewa a ciki. Na ba ta amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba, ta yi shiru ta zauna. Yau na gane tambayarta ta fi amsata. Ina ma zan same ta in faɗa mata ba ruwa ba ne.

Ɗalibin Jogarafi:
Anti, tambayar yarinyar nan ni ma ita ce a bakina. Me ya sa ƙasan teku ke nutsewa, nahiya ba ta nutsewa?

Malamin Ilimin Duwatsu:
Dutsen nahiya bai kai na teku nauyi ba, kuma ɓawonta ya fi kauri, wajen kilomita 35 a matsakaici. Ko an ja ta zuwa kwazazzabo sai ta toge. Shi ya sa a Kanada akwai duwatsu masu shekara kusan biliyan huɗu, amma a manyan tekuna da ƙyar ka wuce shekara miliyan 180, su ma a yammacin Fasifik da gefunan Atlantika. Ruwan tekun tsoho ne, kwanon da yake ciki ne ake sabuntawa. Kuma kada ka ji kunyar tambayarka ta ko duniya na girma. Heezen da kansa ya riƙe wannan ra'ayin na wasu shekaru kafin hujjar nutsewa ta rinjaye shi.

Ɗalibar Kimiyyar Halittu:
Tun ɗazu nake bin ku, ku ba ni dama in shigo da ɓangarenmu, don tsagar nan ba dutse kaɗai take haifarwa ba. Ruwan teku na tsiyaya ta cikin tsage-tsagen, ya kusanci zafi, ya kwaso ma'adinai, ya dawo sama. A 1977 ƙaramin jirgin nutso Alvin ya sauka kusa da tsibiran Galapagos. Masana duwatsu ne a ciki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi suka je nema, ba ko masanin halittu ɗaya a tafiyar don ba wanda ya zaci za a ga rai mai yawa a can. Fitila na haskawa sai ga manyan kumbunan ruwa, ga ƙaguwa, ga tsutsotsi a cikin fararen bututai masu jajayen kawuna, wasu sun kai mita biyu. Tsutsar nan ba ta da baki, ba ta da hanji. Bakteriya ne ke zaune a cikin jikinta, suna amfani da sinadarin farar wuta da ke cikin ruwan su haɗa abinci, ita kuma jan kan nan nata ke kamo musu sinadarin da iskar shaƙa. Duk abin da muka sani a baya shi ne rai na jingine da hasken rana ta hanyar tsirrai. Ga wata al'umma sukutum a duhu tana ci daga abin da dutse ya fitar. Allah mai iko. Bayan shekara biyu, a 1979, aka gano masu baƙin hayaƙi a tudun gabashin Fasifik, bututan ma'adini da ruwa mai zafin wajen digiri 350 ke feshowa daga cikinsu.

Mai Haƙar Rijiyar Burtsatse:
Ƙanwata, digiri 350 kuma ruwa? Ai a 100 yake tafasa.

Ɗalibar Kimiyyar Halittu:
A saman ƙasa ke nan, Yaya. A zurfin mita 2,500 matsin ya ninka na iskar da muke ciki kusan sau 250, ba ya barin ruwa ya tafasa. Irin dokar da Malam ya faɗa ce game da dutsen mantil. Baƙin da ake gani kuma ba hayaƙi ba ne. Ruwan yana fitowa garau, da ya haɗu da ruwan teku mai sanyin digiri biyu sai ƙarfe da tagulla da tutiya da ke narke a ciki su koma gari nan take.

Malamin Ilimin Duwatsu:
Wannan haɗuwa ta zafi da sanyi na taɓa riƙe ta a hannuna. Lokacin muna ɗalibai aka miƙo mana wani yanki na dutsen da ake kira mai siffar matashi. Idan narkakken dutse ya fito cikin ruwa, bayansa na daskarewa nan take ya zama ƙunshi, cikin ya ci gaba da matsowa har ya fasa wani gefe ya fito da sabon ƙunshi, su yi ta hawa kan juna kamar an jibge matasan kai. Bayan yankin da na riƙe baƙin gilashi ne mai sheƙi, kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba, gefensa na da kaifi. Cikinsa kuwa toka-toka ne mai laushin gani, da tsage-tsage da suka taso daga tsakiya kamar ƙafafun keke. Na daɗe ina juya shi. Wanda ke son ganin ɓawon teku gaba ɗayansa ba tare da ya jiƙe ba, duwatsun Oman ne wurin zuwa, inda wani yankinsa ya hau kan nahiya maimakon ya nutse. Kana tafiya ka wuce matasan, ka shiga wani sashe da duk katangu ne na dutse a tsaye, kowace ta kutsa ta tsakiyar wadda ta riga ta, babu wani dutse a tsakaninsu. Kowace katanga buɗewa ɗaya ce da aka cike. Daga nan sai dutse mai manyan ƙwayoyi da ya huce a hankali a ƙasa, sai mantil kansa.

Ɗalibin Jogarafi:
Na koma kan taswirar. Jan zaren ba a miƙe yake ba, a yanke yake gunduwa-gunduwa, kowace ta goce daga 'yar'uwarta kamar matakala. A daidai tsakiyar duniya ma gocewar tana da girma sosai. Wani abu ne ya yanka shi daga baya?

Malamin Ilimin Duwatsu:
Haka kowa ya zata, har Tuzo Wilson na Kanada ya zo a 1965 ya ce a'a. Wadda ka gani a tsakiya ita ce ta Romanche, gocewarta ta kai wajen kilomita 900. Wilson ya ce da yanka aka yi aka ja gunduwoyin, da motsin da ke kan layin zai bi alƙiblar gocewar, kuma girgiza za ta bi layin har ƙarshensa. Idan kuwa kowace gunduwa na fitar da sabon ƙasa, to motsin zai zama akasin haka, girgiza kuma za ta tsaya a tsakanin gunduwoyin biyu kawai, don bayan nan gefe biyun tafiya ɗaya suke yi. A 1967 Lynn Sykes ya karanta girgizar ƙasar da aka naɗa daga waɗannan layuka. Ta fito yadda Wilson ya ce, duka biyun.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:
Wannan ta fi min duk sauran. Mutum ya faɗi abin da za a gani tun ba a duba ba, kuma abin ya saɓa wa abin da ido ke nunawa. Sai da na yanki takarda biyu na gwada a kan tebur kafin na gane yadda motsin ke juyewa. Na janye jana, 'ya'yana.

Mai Haƙar Rijiyar Burtsatse:
Kafin a watse, ana yawo da wani bidiyo wai Afirka za ta rabe biyu kwanan nan. Yana da alaƙa da wannan?

Malamin Ilimin Duwatsu:
Alaƙa akwai, kwanan nan ne babu. Bahar Maliya da Mashigin Aden jariran tekuna ne, Larabawa na janyewa daga Afirka da santimita ɗaya zuwa biyu a shekara. A yankin Afar na Habasha abin yana faruwa a tudu. A watan Satumba na 2005 narkakken dutse ya cike wata tsaga mai tsawon kusan kilomita 60 a ƙarƙashin ƙasa cikin 'yan makonni, wasu wurare suka buɗe har mita takwas. Katanga ɗaya ke nan irin na Oman, aka ga haihuwarta da tauraron ɗan'adam. Ka ga santimitocin nan ba kullum ake biyan su ba, taruwa suke yi na ɗaruruwan shekaru a biya lokaci guda. Kafin teku na sosai ya raba gabashin Afirka kuwa, maganar miliyoyin shekaru ake yi.

Malama Mai Alli:
Ni yanzu damuwata darasin ranar Litinin. Gwajin teburina na nuna ratsi daidai, amma yara kan ɗauka wanda ke ƙarƙashin tebur ne ke turo takardar. Yaya zan gyara shi?

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:
'Yata, kada kowa ya shiga ƙarƙashin tebur, kada kuma kowa ya ja da hannu. Ki ƙara wa takardar tsawo har bakunanta su zubo ta can ƙarshen teburan, ki maƙala wa kowane baki ɗan abu mai nauyi, ko kwaɗon ƙofa ne. Ki sa yaro ya danne da tafin hannu yana sassautawa kaɗan-kaɗan. Za su ga takarda na fitowa ta tsakiya alhali ba mai tura ta.

Malama Mai Alli:
Allah ya ƙara girma, Baba. Zan sa wa gefe ɗaya kwaɗo biyu, ɗayan guda ɗaya, in ga ko za su gano da kansu dalilin da ratsin wani gefe ya fi faɗi. Ƙanena, turo min taswirar nan taka ta akwatin saƙo, ina so in buga ta da launi kafin Litinin.